Ni ina son mafi arha, shi yana son jirgin sama: yawon zaga Indiya na neman raba mu da abokina

Assalamu alaikum Yaya, don Allah a sakaya sunana. Ni ɗalibi ne a Bengaluru, na gama karatu kuma bizata za ta ƙare a satin farko na Janairu. Duk zaman da na yi a ƙasar nan wallahi ban san ko'ina ba, daga makaranta sai ɗaki. Shi ne ni da abokina muka ce mu goya jaka mu yi yawon sati uku a Disamba kafin mu koma gida. Muna son Hampi, Goa, Mumbai, Jaipur, Agra, Delhi, Varanasi, Manali, har Kolkata in da hali, sai mu tashi daga Delhi, amma ba mu sayi tikitin komawa ba tukuna. Ni kuɗina kaɗan ne, ɗan abin da na tara ne, don haka na ce mu riƙa bin bas na dare da jirgin ƙasa ko da General ne, mu huta da kuɗin otal. Shi kuma yana da ciwon baya, gidansu akwai hali, ya ce jirgin sama kawai, wai zai cika min. Ni gaskiya ba na son in zama ɗan a-biya-masa. Ga Umma ta ce ba ta yarda in hau mota da dare ba. Yanzu sai gaisuwa sama-sama muke yi da shi. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanena, barka da gama karatu, Allah ya sa albarka. Na karanta wasiƙarka kuma abin da ya fara tsaya min a rai ba rigimar bas da jirgin sama ba ce, jerin garuruwan nan ne. Gari tara a sati uku, a Indiya, a Disamba. Ka ɗauko taswira ka duba, Bengaluru zuwa Delhi kaɗai ya haura kilomita 2,000 ta layin dogo, jirgin Rajdhani da ake ji da shi ma sai ya ci wajen awa 34, sannan ka ɗora Kolkata da ke can gabas, wajen awa 17 daga Delhi, ka ɗora Manali da jirgin ƙasa ba ya zuwa sam sai dai bas na awa 12 zuwa 14 a hanyar duwatsu cikin sanyi. In kuka dage sai kun taka duka, to abokinka ne ke da gaskiya, ba za ta yiwu ba sai da jirgin sama, kuma aljihunka ba zai ɗauka ba. In kuma kuka bi ta ƙasa duka, rabin hutun a kan kujera za ku yi shi. Ka ga kenan jerin ne ya haɗa ku faɗa. Ku cire Kolkata da Manali yau ɗin nan, za ka ga rabin gardamar ta mutu da kanta. In dole sai kun ga duwatsu da sanyi, Shimla ta fi sauƙi, akwai ɗan ƙaramin jirgin ƙasa daga Kalka, kilomita 96 a wajen awa biyar, tun 1903 yake aiki, amma ni da zan ba ka shawara ko ita ma ku bar ta.

Yanzu maganar General, don ita ce ta fi damuna a tsarinka. General ba a ba ka kujera, wanda ya riga shi ya zauna, kuma a dogayen hanyoyin arewa mutane har bakin ƙofa da gefen bayi suke zama. Tafiyar awa biyu da rana, matashi mai ƙaramar jaka, ba komai. Amma a ce ka kwana a ciki da fasfo ɗinka da takardun makarantarka a jiki, ka sauka da safe ba ka runtsa ba, ka je ka biya ɗaki ka yi barci har la'asar, ina arhar take? Ka yi asarar yini guda kuma yinin nan shi ne abin da ka fi ƙaranci, ba rupi ba. Mai ciwon baya kuwa kada ma a fara. Ajin da talaka mai yawo ke hawa shi ne Sleeper, wanda za ka ga an rubuta SL a tikiti, gado ne naka da lambarka, hawa uku, ba AC, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Sama da shi akwai 3A, shi ma hawa uku amma da AC, ana ba da zanin gado da bargo da filo, kuɗinsa yakan kai ninki biyu da rabi zuwa uku na SL. Akwai kuma 3E da aka shigo da shi a 2021, ya ɗan fi 3A sauƙi, ba kowane jirgi ke da shi ba amma ka riƙa dubawa.

Ga abin da ba a cika faɗa wa mutum ba sai ya ɗanɗana. SL a kudu daɗi ne, ka buɗe taga iska na kaɗa ka. SL a arewa cikin Disamba wani abu ne daban, ba a ba da bargo, tagogin ƙarfe ne da gilashi da ba sa rufuwa ruf, wajen ƙarfe uku na dare iska mai sanyi ke shigowa ta kowace kafa, katifar ledar nan ta yi sanyi ƙalau, za ka ga mutane sun naɗe kai da ƙafa ba ka ganin ko hancinsu. Don haka ko kai da kake lissafin kowane rupi, daren da za ku yi a arewa ka yi 3A, ko kuma ka sayi bargo mai kauri ka san za ka yi ta goyonsa. A kudu da gefen teku sai ka koma SL ɗinka hankali kwance.

Shi kuma abokin naka, ciwon baya ba iyayi ba ne, kada ka ɗauka gadarar kuɗi yake maka. Wanda bai taɓa yi ba ba zai gane yadda zaman awa goma ke mai da mutum ba. Amma shi ma ina ganin ya haɗa jirgin ƙasa da bas ya yi musu kuɗin goro, alhali ba ɗaya ba ne. A jirgin ƙasa kwance zai yi, zai iya tashi ya miƙe ya taka zuwa ƙofa ya dawo, akwai bayi. Gadon tsakiya ne bai dace da shi ba, don ƙa'ida daga 10 na dare zuwa 6 na safe ake sauke shi, da rana naɗe shi ake yi kowa ya zauna a na ƙasa. Gadon ƙasa ba hawa amma da rana kujerar kowa ce, kuma tsofaffi ake fara ba wa, ko ka zaɓa ba lallai ka samu ba. Na sama shi ne naka kai kaɗai dare da rana, in dai zai iya taka ɗan tsanin. Na gefen hanya sun fi gajarta, in dogo ne ya guje su. Ka zauna da shi ka nuna masa wannan, kuma in ciwon mai tsanani ne ya tambayi likitansa kafin ku biya komai. Jirgin sama ma ai ba kyauta yake wa baya ba, filin jirgin Bengaluru kusan kilomita 35 yake daga cikin gari, ga layi, ga jira, ga kujera a miƙe, tafiyar da aka rubuta awa biyu da rabi sai ta cinye rabin yini. A kan doguwar hanya ya cancanta. A kan Jaipur zuwa Agra kuwa, kilomita 240 da ɗan wani abu, ɓarnar kuɗi ce kawai.

To ga yadda ni zan juya tafiyar, tunda Allah ya taimake ku ba ku sayi tikitin komawa ba. Ba ka ambaci kayanku ba, kuma na san wanda ya yi shekaru yana karatu ba jakar goyo ɗaya gare shi ba. Akwatunan nan ina za ku kai su? Jiragen cikin gida irin su IndiGo kilo 15 suke ba ka a ƙasa da 7 a hannu, abin da ya haura sai ka biya da tsada, kuma ba za ku yi ta jan akwati daga tasha zuwa tasha sati uku ba. Don haka maimakon ku faro daga kudu ku ƙare a Delhi, ku bar kayan a Bengaluru wajen wanda kuka yarda da shi, ku hau jirgin sama sau ɗaya tak a farkon Disamba zuwa Varanasi, ko Delhi in ya fi sauƙi, sannan ku gangaro ta ƙasa a hankali har ku dawo inda kayanku suke ku tashi daga can. Dalili na biyu ma ya fi na kayan ƙarfi, hazo. Daga ƙarshen Disamba zuwa Janairu hazo kan rufe arewacin Indiya, jiragen ƙasa su yi latti na sa'o'i, wasu a soke su, na sama ma a Delhi su yi ta jinkiri. A tsarinku na farko daidai lokacin da hazon ya fi tsanani kuke arewa, biza na gab da ƙarewa. Ba na son in ji labarin kana zaune a dandamalin tashar Varanasi kana ƙirga kwanakin biza. In kun juya, kun gama da arewa kafin abin ya yi ƙamari, kun kuma ratsa Goa kafin Kirsimeti da sabuwar shekara, lokacin da ɗaki da tikiti duk suke tashin gwauron zabi.

Sai tafiyar ta zama haka. Varanasi zuwa Delhi jirgin dare a 3A, kun huta da kuɗin ɗaki. Akwai jirgin ƙasa mai sauri, Vande Bharat, mai yin ta a wajen awa takwas amma zama ne kuma ya fi tsada, bai dace da aljihunka ko bayansa ba. Delhi zuwa Agra da Agra zuwa Jaipur gajeru ne, da rana za ku yi su, kai ka iya ɗaukar 2S, kujera ce mai lamba kuma arha sosai, ko ku haɗu a CC, kujera ce ita ma amma mai AC. Ku dai tuna Taj Mahal a rufe yake ga masu yawon buɗe ido ranar Juma'a, kada ku tsara kwana ɗaya tak a Agra ya faɗa ranar. Jaipur zuwa Mumbai dare guda ne da ɗoriya, wajen awa 17. Mumbai zuwa Goa kuwa don Allah kada ku yi ta da dare ko ta sama, layin Konkan ne, an buɗe shi a 1998, ramuka cikin duwatsu da gadoji a kan koguna, irin hanyar da ita kanta abin kallo ce, Mandovi Express da safe yake tashi. Daga Goa zuwa Hosapete, tashar da ke kusa da Hampi, akwai jirgin rana da ke wucewa ta gaban ruwan Dudhsagar, sai dai ba kullum yake tashi ba, don haka ku fara duba ranakunsa sannan ku gina kwanakin Goa a kansa, in ba haka ba bas na dare zai zama dole. Daga nan Hampi Express ya kwana da ku zuwa Bengaluru. Ka lura ko bas na dare ɗaya babu a ciki.

Wanda ya kawo mu kan Umma. Tsoronta ba na banza ba ne, alƙaluman gwamnatin Indiya kanta sun nuna sama da mutum 150,000 ke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara, kuma direban dare a kan babbar hanya cikin hazo ba abin wasa ba ne. Bas masu gado suna da kyau a hoto a manhajar sayen tikitin bas ta redBus, amma yawanci ba bayi, in gadonka na baya ne kowane rami sai ka ji shi a ƙashin bayanka, ga birki ga kwana. Kada ka ce mata to sannan ka je ka hau a ɓoye. Ka faɗa mata gaskiya cewa za ka yi tafiyar dare amma a jirgin ƙasa, da gadonka da lambarka, ka yi mata bayanin bambancin don wataƙila a ranta duk tafiyar dare ɗaya ce. Ka tura wa wani a gida jadawalin da lambar kowane jirgi, ka riƙa yi mata saƙon murya in kun hau da in kun sauka. In wata rana dole ta sa sai bas, ku ɗauki na rana, na gwamnatin jiha irin KSRTC ko RSRTC, kujerar tsakiya.

Tikiti kuma shi ne inda masu tsari irin naku suke faɗuwa, don jirgin ƙasan Indiya ba a zuwa tasha a ce a ba ni gado na yau. Tun 1 ga Nuwamba 2024 kwana 60 kafin tafiya ake buɗe sayarwa, da can 120 ne, kuma hanyoyin Goa da na manyan birane a Disamba nan da nan suke cika. Ka buɗe asusun IRCTC, shafin sayen tikitin jirgin ƙasa, da lambar wayarka ta Indiya tun yanzu. In ka ga CNF, gado ya tabbata. RAC na nufin za ka hau amma ƙila ku raba gadon gefe da wani a zaune har sai wani ya fasa, kai za ka iya jurewa, shi kam a'a. WL jiran layi ne, kuma in tikitin intanet ne bai tabbata ba har aka fitar da jerin fasinjoji, soke shi ake yi a dawo maka da kuɗinka, ba ka da izinin hawa. Mutane za su ce maka ai akwai Tatkal, e akwai, ana buɗe shi kwana ɗaya kafin jirgi ya tashi, 10 na safe na AC, 11 na SL, amma da ƙarin kuɗi, cikin mintuna yake ƙarewa, in ya tabbata ka fasa ba a dawo da komai, kuma tun Yulin 2025 sai asusun da aka haɗa da Aadhaar, lambar shaida ta mazauna Indiya, ke iya sayensa ta IRCTC. Na gaggawa ne, kada ku gina tafiya a kansa.

Wasu ƙananan abubuwa da ke cin kuɗi a ɓoye. Manyan birane tasha ba ɗaya ba ce, Delhi akwai New Delhi da Old Delhi da Hazrat Nizamuddin da Anand Vihar, Mumbai ma haka, Agra akwai Cantt akwai Fort, ka karanta tikitinka da kyau kada ka je inda ba nan ba. A bakin tashar New Delhi duk wanda ya tare ka ya ce an soke jirginka ko ofishin tikiti ya koma wani wuri, kada ka ko tsaya, ka duba a wayarka ko ka kira 139, lambar tambaya ta jiragen ƙasa. Daga tasha zuwa masauki ku nemi rumfar tasi da ake biya tun kafin a hau, ko Uber da Ola, a Delhi kuma metro ya fi komai. Ku sayi 'yar sarƙa da kwaɗo, akwai zobe a ƙarƙashin gadon ƙasa da ake ɗaure jaka, fasfo da waya kuma a jikinka ko ƙarƙashin kai. Fasfo da biza da takardar rajistar FRRO, ofishin rajistar baƙi, su kasance tare da ku don masauki za su nema. Ku kuma dawo Bengaluru da ratar aƙalla kwana uku ko huɗu kafin ranar tashi.

Saura abin da na san shi ne ainihin ciwon, kuɗin da ya ce zai cika maka. Na fahimce ka, mutum yana son yawon da ya yi da guminsa, kuma akwai irin taimakon da in ka karɓa sai ka ji bakinka ya mutu, ba ka iya cewa ga inda nake so mu je. Amma ka duba ta gefensa, shi ba sadaka yake ba ka ba, jikinsa ne ke buƙatar abu mai tsada kuma ba ya son ya zauna shi kaɗai a wani tarago kai kana wani. In ya biya bambancin, abokin hira ya saya wa kansa. Abin da ke ɓata irin wannan shi ne barinsa a buɗe, yau ya biya wannan gobe ya biya wancan, ba wanda ya san iyaka, sai a wayi gari ɗaya na jin an ci shi ɗaya na jin an raina shi. Ku yanke ƙa'ida guda kafin ku tashi. Kai za ka biya kuɗin SL a kowace hanya, duk inda bayansa ya sa aka hau 3A shi ya cika bambancin, ba bashi ba ne kuma ba za a sake tada maganar ba. Tikitin jirgin saman nan guda ɗaya kowa ya biya nasa, in kun saya da wuri ba zai kayar da kai ba. Ɗaki da abin hawa cikin gari a raba biyu, ku zuba kuɗin wuri guda, ɗaya ya riƙa rubutawa a waya. In kuma har zuciyarka ta ƙi, akwai wata hanyar, jirgi ɗaya aji daban, shi 3A kai SL, ku haɗu a dandamali da safe. Ba abin kunya ba ne, sai dai ka san da dare akan rufe ƙofar da ke tsakanin taragun, kuma sanyin arewan da na faɗa maka kai kaɗai za ka sha shi. Ni dai da ka karɓi cikon a dararen arewa biyu, sauran ka yi yadda kake so.

Kai za ka fara zuwa wajensa, tunda kai ka rubuto. Kada ka je da hujjojin cewa jirgin ƙasa ya fi, ka je da taswira da wannan sabon tsarin, ka ce masa ka yi tunanin bayansa kuma ga abin da aljihunka zai iya, ka faɗi adadin ƙarara ba kunya, sannan ka bar shi ya cire ko ya ƙara gari ɗaya don shi ma ya ji da hannunsa a ciki. In ya dage shi sai sama a kowace hanya, ba dole sai kun fasa ba, ya riga ka isa ya kama ɗaki, kai ka same shi washegari. Da zarar kun shirya, tun kafin ku nemi masauki ko ɗaya, ku fara kama gadon Varanasi zuwa Delhi da na Jaipur zuwa Mumbai da kujerar Mandovi, su ne masu saurin ƙarewa, sannan tikitin sama. Ka gaishe min da Umma, kuma ka rubuto ka faɗa min yadda kuka ƙare da mutumin naka.